Ɓerayen Elkana Sun Warke

Ni fa tun ranar da Elkana ya dawo daga Ingila na san bakinsa zai ja mana wani abu. Ƙanena ne, ni na goya shi, amma surutu kamar an kunna rediyo. Shekarar da aka yi ƙuri'ar nan ta ko mu bi Nijeriya ko mu bi Kamaru, wani likita Bature ya ga yaron yana da hannun aiki, ya tafi da shi. Sai da ana tsakiyar yaƙin basasa ya zo hutu, da kwat da takalmi mai ƙara, rabin unguwarmu Lokuwa ta taru a tsakar gidanmu don a ji aikin da ya tsallake teku yana yi.

"Ɓeraye nake kula da su," in ji shi.

Aka bushe da dariya. Mijina Kwaji har da riƙe ciki, ya ce ai da ya faɗa tun farko, da an ba shi na rumbunmu kyauta. Ni kunya ta kama ni wallahi. Shi kuwa Elkana ko a jikinsa, ya gyara zama ya shiga bayani. Wai ɓerayen farare ne tas. Ana sa su ƙarƙashin wata na'ura mai fitar da hasken da ido ba ya gani, hasken ya ƙone musu ɓargo, don ɓargo ne ke yin jini. Sai ɓera ya yi laushi, kunnuwansa su yi fari fat, ya ƙi abinci, in an bar shi ya mutu. To amma in aka ɗebo ɓargon wani ɓera lafiyayye, ɗan gida ɗaya da shi, aka yi masa allura a jijiyar wutsiya, nan da 'yan makonni sai ka ga kunne ya soma ja. Jini ya dawo, ɓera ya miƙe yana tsalle a keji. Shi Elkana aikinsa ya riƙa ɗibar ɗigon jininsu yana dubawa a madubin likita, yana ganin yadda ƙwayoyin ke ƙaruwa.

'Yata Ƙauna tana zaune a gindin ƙafarsa, baki buɗe. Ita kaɗai Allah ya bar mini cikin huɗun da na haifa, lokacin tana aji uku. Ta tambaye shi ko ɓeran yana kuka in an soka masa allura, ya ce a'a, sai dai ya ciji mutum.

Bayan Kirsimeti Elkana ya tafi Kaduna neman takardun komawa. Bai daɗe da tafiya ba na lura Ƙauna ba ta iya hawowa daga mayo, rafin da muke ɗibar ruwa, da tulu sai ta zauna a hanya. Na yi mata faɗa, na ce lalaci ne. Sai dasashinta ya fara jini in tana goge baki da asuwaki, wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a cinya da hannu kamar wadda aka yi wa duka. Ranar da na buɗe tafin hannunta na gan shi fari, ban tsaya ɗaura kallabi ba, na goya ta sai asibiti.

Likitan ya ja fatar idonta, ya sa aka ɗibi jini, ya ce mu dawo. Da muka dawo bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce ɓargonta ya daina aiki, jinin da ke jikinta yana ƙarewa, sabo kuma ba ya zuwa. Za su yi mata ƙarin jini, amma wannan ba magani ba ne. Ya ce maganinsa babu a nan, babu a Kaduna, babu a Ikko.

Kwaji ya sulale ya zauna a dandamali. Ni kuwa, duk wanda zai yi mini dariya ya yi, wani sanyi na ji a raina. Ɓargo fa ya ce! Ai wannan cutar ɓerayen Elkana ce, kuma sun warke. Allurar ce ba mu da ita, amma yarinya tana da baki, kuma tun da muka taso duk wanda jini ya yi wa ƙaranci ciyar da shi ake yi. Abin da ya shiga ciki ai jiki zai kai.

Na nufi kasuwa wajen Sajo mahauci. Da ya ji dalili ya tara mini ƙasusuwan ƙafar sa, ya ce in riƙa zuwa kullum. Kwaji ya fasa da gatari, ni in tafasa, in zaƙulo ɓargon da tsinke in dama mata a kunu. Ƙauna ta tsani abin nan. Tana gani na taho da kwano sai ta juya fuska bango.

"Mama, tashin zuciya yake sa ni."

"Sha mana, uwata. Ɓera ma ya daure, balle ke."

Aka yi mata ƙarin jinin ubanta, ta ɗan farfaɗo, har ta fito ƙofar gida tana kallon 'yan gaɗa. Na ce ɓargo ya kama, na yi ta godiya ga Yesu har maƙwabta suka ji. Ba a jima ba ta koma kwance, ta fi da fari.

Kwaji ne ya ce ya gano inda muka kuskure. Elkana ai cewa ya yi ɓargon ɗan gida ɗaya, mu kuwa na shanun kasuwa muke ba ta, waɗanda ba mu san daga wace ruga suka fito ba. Muna da sa ɗaya, na huɗa, da shi Kwaji ke noma gonarmu ta Gude. A gidanmu aka haife shi, Ƙauna ce ke ba shi harawa da hannunta. In akwai dabbar da ta zama 'yar gida, shi ne. Na ce masa damina fa na tafe, ya ce wa zai noma wa in babu yarinyar? Na haƙura. Da safe aka kira Sajo ya yanka shi a bayan gida, muka ɓoye wa yarinyar.

Fatar tana shanye a tsakar gida, an kafe ta da turaku, Elkana ya shigo da akwatinsa. Ya dubi fata, ya dubi tulin ƙashi a bakin murhu, ya shiga ɗaki ya ga Ƙauna. Da ya fito fuskarsa ta canza. Na zayyana masa komai, ina jiran ya ce mun kyauta.

"Adda Selina," ya ce, "ɓargon da aka dafa ya mutu. Ko ɗanye ne, in ya shiga ciki abinci ne kawai. Kuma na sa ba ya zama na mutum."

"To madalla da ka dawo. Ga ni, ɗebi nawa ka yi mata allurar. Ni na haife ta, wa ya fi ni zama ɗan gida ɗaya da ita?"

Na tuɓe zanen kafaɗata na miƙa masa hannu, na ce ko ƙafar ce a sare, a sare.

"Ba zai yiwu ba, Adda. Ɓerayen nan an yi ta haɗa wa da ƙanwa ne tun kakannin kakanninsu, har suka zama kamar ɓera ɗaya. In muka sa wa ɓera ɓargon wani iri daban, yakan tashi da farko, daga baya ya rame, gashi ya zube, zawo ya kashe shi. Ke da Ƙauna ba ɗaya ba ne, rabinta na Kwaji ne. Can ma an gwada a kan mutane, yawancinsu ba su rayu ba."

Kai, ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Na ce to me ka zo kana cika mana baki? Shekara da shekaru kana can cikin sanyi, uwarmu ta mutu ba ka nan, ashe ɓera kake yi wa magani? Na zage shi tas. Kwaji ne ya ɓamɓare hannuna, shi ma yana hawaye, yana kallon fatar san.

Elkana bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. Ya ba da nasa jinin, kullum yana asibiti yana duba nata. Wata rana na matsa sai na gani da idona, ya kama kaina ya ɗora idona a madubin. Ya fara nuna mini nasa, ƙwayoyi cunkus kamar an zuba gero a faifai. Ya sauya ya sa nata, ɗaya nan, ɗaya can, sauran duk fili. Na tambaye shi ko gobe za su ƙaru, ya ce yana fata. Na san muryar ƙanena, ƙarya yake yi.

Na daina ba ta ɓargon. Ta ce tana son mangwaro, na ba ta, ta tsotsa kaɗan ta bari. Zazzaɓi ya rufe ta, haɓo ya ɓalle ya ƙi tsayawa, na tsuma duk tsummokaran gidan. Ranar wata Laraba da hantsi, kanta a cinyata, ta ce in ɗan ɗaga ta, numfashi na yi mata wuya. Na ɗaga ta, shi ke nan.

Hutun Elkana ya ƙare bayan an share makoki. Ban yi niyyar raka shi ba, amma na tsinci kaina a tasha, ana ɗaura akwatinsa a kan motar Yola. Tun ranar da na cakume shi ba mu yi wata doguwar magana ba. Abu ɗaya ke cina, na ce bari in tambaya kafin ya tafi, ko zan sami abin riƙewa.

"Su ɓerayen da suka warke, ina ake kai su? Suna haihuwa? Suna tsufa?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce ya dube ni ya faɗa.

"Kashe su muke yi, Adda. Sai an buɗe su ake ganin inda sabon ɓargon ya kama."

"Bayan sun warke?"

"Bayan sun warke."

Na zauna daɓas a ƙasa cikin mutane. Na ce, "Ku kuna da ran da za ku mayar ku kuma zubar, ni tawa ko kwana ɗaya ba a iya ƙara mata ba." Kukan da ban yi a bakin kabari ba, a nan na yi shi, masu tallar gyaɗa suna kallona. Direba ya yi ta danna oda, Elkana yana tsaye a kaina ya rasa inda zai sa hannunsa, har aka ja shi aka tura cikin mota.