Gaggafar Baba Audi

Burushin ya sake suɓucewa daga hannun Baba Audi, ya faɗi kan tabarma. Ɗahiru, maƙwabcinsa mai zanen motoci a tashar Kawo, ya sunkuya ya ɗauka.

"Riƙe abinka," in ji tsohon. "Hannun nan ya gama aiki."

Baba Audi tsohon katikis ne, mai koyar da addini a coci. Tun da ciwo ya kwantar da shi a ɗakinsa na Kurmin Mashi yake zana allo huɗu da zai bar wa cocinsu. Uku na jingine da bango: mutum, zaki, sa. Na huɗun fiffike ɗaya kawai gare shi.

Ɗahiru ya gane so yake ya ƙarasa masa. "Baba, ni Musulmi ne. Ka san yadda garin yake tun bayan rikicin bara. Za a yi magana."

"Zaki nawa ka zana a bayan tirela?"

Ɗahiru ya yi dariya. "To, me ya haɗa dabbobi da littafinku?"

Tsohon ya gyara kwanciya, muryarsa ta ɗan dawo. Ya ce Annabi Ezekiyel ne ya ga halittu masu fuska huɗu a wahayi, daga baya dattawan coci na farko suka raba fuskokin wa marubutan Linjila huɗu. Matiyu ya samu mutum, don da jerin kakanni ya fara. Markus zaki, don ya buɗe da murya mai kira a jeji. Luka sa, saboda hadaya.

"Yohanna kuwa bai tsaya a ƙasa ba, sama ya nufa kai tsaye. Shi ne gaggafa. Su ma dattawan sai da suka yi ta musu kan wa zai ɗauki wanne."

Tari ya sarƙe shi. Matarsa, Mama Saratu, ta tallafo kansa ta ba shi ruwa.

Ɗahiru ya jawo gwangwanin fenti. Washegari wani direba ya tare shi a tasha. "An ce coci kake wa aiki yanzu?"

"Maƙwabcina nake wa," ya ce, ya wuce.

Ranar Alhamis da hantsi Ɗahiru ya ɗaga allon a gaban gado. Baba Audi ya daɗe yana kallo.

"Ka ba ta idon tsuntsun tirela," ya ce, yana murmushi. "Bar shi haka."

Kafin la'asar ya cika.

Ɗahiru ya fito da bencinan gidansa ya jera wa masu zuwa gaisuwa. Da aka kira salla, ya tsuguna bakin kwata da buta. Ruwan alwalar na gangarawa, da ɗan launin rawaya a cikinsa.