Shekara Biyu da Suka Yi Yawa

Alassani ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a makare. Sai da ya kai shekara goma sha ɗaya yana taya mahaifinsa, Baba Salifou, aikin fawa a unguwar Didaouré ta garin Sokodé kafin aka sa shi. Duk da haka, a jarrabawar satifika, ta gama firamare, a 1938 shi ya zo na ɗaya a lissafi a Sokodé.

Burinsa ya zama injiniya mai gina gada. Mushe, malamin ajinsu, ya zaunar da shi ya zayyana masa hanyar: bayan satifika sai babbar lakwal ta Lome shekara uku, daga nan jarrabawar lissafi da zane, wanda ya ci a tura shi Bamako koyon aikin.

"Amma Lome ba sa karɓar wanda ya wuce sha biyar," in ji Mushe. "Kai kuwa kana sha bakwai. Sai dai tunda ba ka da takardar haihuwa, in mahaifinka ya rantse gaban kwamanda, Baturen mulki, cewa sha biyar kake, za a rubuta haka. Mutane da yawa sun yi."

Alassani ya sami mahaifinsa a rumfa yana wasa wuƙa, ya faɗa masa. Baba Salifou ya ajiye wuƙar.

"Shekarar da aka haife ka kogi ya tafi da ƙanena," ya ce. "Ba zan manta da ita ba, balle in ɗora hannu a Alƙur'ani in ce wata ce. Laifin makararka nawa ne, na ɗauka. Rantsuwa kam, ka yi haƙuri."

"Baba, shekara biyu ce fa kawai."

"Na sani."

Alassani ya yi fushi. Bayan sallar layya ya hau motar ma'aikatan hanya zuwa Dapaong, ya sami aikin jan sarƙar da ake auna hanya da ita. Shugaban aikin, Mamadou, mutumin Bamako ne, ya yi irin karatun da Alassani ya rasa. Wata rana ya tarar da shi yana lissafin faɗin kwalbati a bayan buhun siminti. Ya duba, ya gyara wuri ɗaya, ya tambayi labarinsa.

"Injiniya kam ya wuce ka," Mamadou ya ce. "Ba zan ruɗe ka ba. Amma akwai jarrabawar mai duba aiki, ba a tambayar shekaru. Zane na wani ne, sa hannu na wani ne, kai ne dai za ka tsaya har gadar ta tashi."

Ya ara masa littattafansa. Karon farko Alassani ya faɗi a rubutun Faransanci. Karo na biyu ya ci.

Sai bayan shekara biyar ya koma Sokodé. Ya tarar idon Baba Salifou ya yi rauni, ya bar rumfa. Tsohon ya riƙe hannunsa yana shafa kantar tafinsa.

"Ka zama injiniyan?"

"A'a, Baba. Mai duba aiki ne ni. Gada uku na tsaya wa a hanyar Nano."

"Har yanzu kana jin haushina?"

Alassani ya yi tunani, don ba ya so ya yi masa ƙarya.

"Wani lokaci," ya ce. "Ba kamar da ba."

Baba Salifou ya gyaɗa kai, ya kira a kawo wa ɗansa ruwa.