Jawabin Minti Goma Sha Biyar

Shekara biyar ke nan da Yayata ta gama digiri na uku, amma har yau ba ta da kujerar da za ta ce tata ce. Bincike take yi a kan ƙwayoyin cuta na bairos, a ɗakin gwaje-gwajen wani farfesa. Shekara bibbiyu ake ɗaukarta, in sun cika ta sake neman wuri. A wannan karon saura mata wata uku, kuma wurin da ya yarda zai karɓe ta yana wata ƙasa mai nisa. Mama kuwa ƙafa ta hana ta ko zuwa bakin titi, ba inda za ta iya bin kowa.

Ana cikin haka sai gurbi na dindindin ya samu a jami'ar da take. Mutum shida aka kira. Kowa zai yi jawabin minti goma sha biyar a gaban kwamiti, kuma rabin 'yan kwamitin ba su taɓa aikin bairos ba. Har da malamin lissafi a ciki.

A wurin aikinsu, kafin mutum ya yi jawabi sai ya gwada a gaban abokan aiki. Ta gwada sau biyu, suka tafa mata.

"Su ai sun san komai tun kafin in buɗe baki," ta ce mana.

Ran Asabar da yamma ta ɗora kwamfutarta a kan teburin keken ɗinkin Mama, ta miƙo mini wayarta in duba lokaci.

"Auta, ke ce malamin lissafi. Mama, ke ce shugabar kwamiti."

"To a ba ni kujera mai hannu," in ji Mama.

Yaya ta fara. Hotuna suna ta wucewa, wasu layuka ja da shuɗi suna hawa suna sauka, wasu baƙaƙen zane kamar haƙoran mataji. Duk sanda ta kallo ni sai in gyaɗa kai. Haka nake yi tun ina aji huɗu, don kada malami ya ce in tashi. Ta gama a minti goma sha huɗu.

"Kin gane?"

"Na gane."

"To maimaita mini."

Na ƙura wa wayar ido. Mama ta yi dariya har da tari.

"Wannan? Ko ce mata kika yi gyalenta ya kama da wuta, kai za ta gyaɗa miki."

Yaya ba ta yi dariya ba. Shi ya sa na yi magana.

"Yaya, tun hoto na biyu na ɓata. Ban ma san wa yake faɗa da wa ba."

Ta rufe kwamfutar, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne jere kamar ɗakunan haya. In bairos ya shiga ɗaya, tun kafin a sha magani, tun kafin ma mutum ya ji zazzaɓi, ita wannan ƙwayar takan yi kururuwa, maƙwabtanta su kulle ƙofa. Wasu bairos ɗin sun iya toshe mata baki. Abin da suke toshewar da shi, shi take bi shekara da shekaru.

"Ita wadda ta yi kururuwar fa?" na tambaya. "Tana tsira?"

"Sau da yawa ba ta tsira."

"Allah sarki," Mama ta ce, ta ajiye almakashi. "To ke me ya hana ki fara da wannan?"

"Za su ce wasa na zo yi."

"Su ce. Ni shugabar kwamiti ban ce ba."

Muka sake daga farko, da sharaɗin duk inda na ɓata in ɗaga hannu. Zagayen farko sau goma sha ɗaya na ɗaga, kunya kamar in nutse. Duk hoton da na ɗaga wa hannu, ko ta gyara bayaninsa ko ta cire shi. Da muka zo kan mai haƙoran matajin nan sai ta tsaya.

"Wata takwas na yi kafin wannan ya fito, Auta. Har ranakun hutu."

Na sauke hannuna da sauri.

"A'a, mayar da shi sama," ta ce. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta cire shi.

Hotunan daga talatin da takwas suka dawo sha biyu. A zagaye na huɗu na manta da wayar gaba ɗaya, sai da Mama ta zungure ni.

Ran Alhamis ta yi jawabinta. Da ta dawo ba abin da ta ce sai dai takalminta ya matse ta. Muka yi sati uku ba mai tayar da zancen.

Muna ninke wanki wata Talata aka kira ta a waya. Ta fita baranda, ta dawo da zanen gado har yanzu a kafaɗarta.

"Sun ba ni aikin. Ɗakin binciken ko taga babu, teburi biyu ne kawai."

Ta durƙusa ta kifa kai a cinyar Mama. Mama ta shafa bayanta, sannan ta ce:

"Tashi ki rubuta wa mutanen ƙasar can cewa ba za ki zo ba. Ki yi musu godiya sosai, sun so ki da alheri."