Jan Ƙulli a Hannun Hagu

Ranar da Manaja ya shigo ɗakin ɗinki da ƙunshi a hammata, ga soja biye da shi, na san nawa ne tun kafin ya kwance. Farin yadin shafin aljihu ne, irin wanda muke sa wa kakin soja a ma'aikatarmu. Ƙafata ta sauka daga kan keken ɗinki ba da izinina ba.

Ga yadda aka yi aka kai nan. Ɗana, wanda tun yana ƙarami muke ce wa Dogo, direban soja ne. Motar ruwa da abinci yake ja daga babban sansani zuwa ƙanana, aikin da ake ce wa na baya-baya, ko da yake uwa ba ta san wani baya-baya a yaƙi ba. Ranar da zai tafi bakina ya kasa doguwar nasiha, sai na ce masa in an ba shi sabuwar riga ya juya hannun hagu. In ya ga ɗan ƙulli na jan zare a ciki, to ni na ɗinka. Ya yi dariya, wai a cikin riguna barkatai ina zai ci karo da tawa. Na ce shi dai ya duba. Tun daga ranar ba rigar da ta bar kekena ba da jan ƙullin nan ba. Matan layinmu duk sun sani. Rediyo, maƙwabciyata a keke, wadda bakinta ba ya mutuwa, kullum sai ta tsokane ni wai da tsufana nake neman miji a cikin sojoji.

Yaƙin kuwa ba na sonsa. Mutanen da ake yaƙa ban san su ba, ba su ci mini komai ba. Abin da na sani shi ne muna fitar da riguna sababbi ana ta aiko wa a ƙara, kuma ni tela ce, na san riga mai ɗinki biyu ba ta mutuwa da wuri haka, sai dai mai ita.

Malam, mijina, ba ya son jin wannan magana. A wurinsa duk wanda ya zagi yaƙin ya zagi Dogo, kuma wanda ke bakin daga ba abin da zai karya masa gwiwa kamar ya ji uwarsa tana cewa aikin banza yake yi. Sannan ga labarin da ke yawo a unguwa, na wata mata da ta yi magana a gidan rediyo, ba a jima ba aka ɗauke ɗanta daga sito aka tura shi gaba inda ake ɓarin wuta. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ban sani ba. Na dai san tun da na ji shi abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Shi ya sa da ƙanwata ta zo ta ce iyaye mata za su fita zanga-zanga, na ce ƙafata ba za ta je ba. Ta ce to hannuna fa? Ƙyalle suke so mai rubutu, wanda iska ba za ta yaga ba. Na tattara guntayen shafin da ake sharewa a zubar, na haɗa su a kan tsohon kekena na gida ranar hutu, na yanka haruffa daga baƙin zanena na ɗora: A DAWO MANA DA 'YA'YANMU. Na kalmashe bakinsa tsaf, don ban iya aikin ha'inci ba ko da na tsoro ne.

Da yammacin ranar zanga-zangar ƙanwata ta shigo ba takalmi, idanunta jajir da hayaƙi mai sa hawaye, ta ce 'yan sanda sun ƙwace ƙyallen. Ina ba ta ruwa ina yi mata sannu, sai abin ya faɗo mini. Da na gama kalmasar, hannuna ya ɗauki jan zare ya ƙulla a kusurwar hagu, kamar yadda ya saba. Ni ban sa shi ba, ban kuma hana shi ba, don hankalina yana wajen tukunya. Kofin ya suɓuce daga hannuna.

Dole na gaya wa Malam. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dubi bango ya ce, "In aka tura yaron nan gaba saboda ke, kada ki ce mini komai."

Na ce, "Malam, hannun da ya ɗinka masa riga shi ya ɗinka ƙyallen. Duka biyun don ya dawo na yi."

Ya ce in je in yi wa hukuma wannan bayani, ya ɗauki butarsa ya fita.

To ga shi yau ƙyallen ya biyo ni har wurin aiki. Manaja ya sa aka kashe kekuna, ya shimfiɗa shi a kan teburin yanka. Baƙin zanena na gani, wanda na sha ɗaurawa in zo nan da shi, ya koma haruffa a gaban kowa. Manaja yana share gumi ya ce an ce yadin namu ne, kwangilar ma'aikata tana lilo, kuma duk wadda aka samu da hannu za a miƙa sunanta bariki, har da sunan duk wani nata da ke cikin soja. Korar aiki ba ta dame ni ba. Dogo nake gani a cikin wata mota ba tasa ba, ana tafiya da shi gaba.

Sojan da ya zo da shi Saje ne, mai duba ingancin kaya. Bai daɗe da dawowa daga bakin daga ba, yana jan ƙafa ɗaya, kuma ba mai yawan magana ba ne. Aikinsa ke nan juya ɗinki, kuma mun san shi, zare ɗaya in ya tsinke sai ya gani. Manaja ya ce ya duba ya faɗi ko hannun wace ce.

Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka. Rediyo ma yau an ɗauke mata wuta. Ba wadda ta dube ni, kuma rashin dubawar ya fi kallo tsoratar da ni, don ya nuna kowa ta sani. Saje ya kama bakin ƙyallen daga dama yana bi da babban yatsa, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi a haɗe da rabin wata. Ya gama gefen sama. Ya gangaro. Da ya iso kusurwar hagu yatsan ya tsaya, ya danne wurin, ya daɗe bai ɗaga ba.

Manaja ya matso ya tambaya ko ya ga wani abu.

Saje ya ce, "Yadin ya yi kama da naku, amma ana samun irinsa a kasuwa. Ɗinkin kuma na keken gida ne, ba na nan ba."

Ya naɗe ƙyallen da kansa, kusurwar hagu a can ciki, ya cusa a hammata. Manaja ya sauke ajiyar zuciya har muna ji, ya daka mana tsawa a koma aiki, ya shige ofis.

Kekuna suka tashi. Ni ban tayar da nawa ba. Saje ya bi layi yana duba riguna kamar kullum, ina jin jan ƙafarsa yana matsowa. Da ya iso kaina ya ɗauki riga daga tarin da na gama, ya juya hannun hagu, ya duba. Na ce a raina shi ke nan, a gaban mutane ne bai so ya tona ni ba, yanzu zai ce in biyo shi.

Sai ya ajiye rigar, ya ɓalle maɓallin hannun hagu na rigar jikinsa, ya juya. Ƙullin yana nan. Wanki da rana sun cinye jan har ya kusa komawa fari, amma nawa ne.

Ya sunkuyo kamar mai nuna mini kuskure a ɗinki, ya yi ƙasa da murya. Ya ce kowa a can ya san ƙullin nan. Wani dogon direba ne ya fara cewa na babarsa ne, yanzu kuwa duk wanda ya samu cewa yake babarsa ce ta ɗinka, har da waɗanda ba su da uwa a duniya. In an raba sababbin kaya, kafin a gwada sai an juya hannu. Sannan ya ce ya binne yara da dama da irin rigar a jikinsu.

Da ƙyar na ce, "Direban fa? Yana nan?"

"Lokacin da na baro yana nan."

Iyakar abin da ya ba ni ke nan, kuma na ga a fuskarsa ba zai ƙara mini da ƙarya ba. Ya mayar da maɓallinsa, ya gyara ƙunshin da ke hammatarsa.

"Mama, rigunan ki ci gaba da sa musu. Amma ƙyalle na gaba irin wannan kada ki ƙulla masa komai, ba kullum ni za a kawo wa ba. Kuma ki ƙara wa rubutun girma. Daga inda mu sojoji muke ba a iya karantawa."

Ya ja ƙafarsa ya wuce keke na gaba.

Na ɗauki jan zare zan zura a allura, na kasa. Rediyo ta miƙo hannu ta karɓa, ta zura ta miƙo mini. Can kuma na ji abu ya taɓa mini ƙafa. Guntayen farin shafi ne ta turo daga ƙarƙashin kekenta, tari guda, sun fi na wancan karon yawa.

Tsoro bai sake ni ba ko kaɗan. Na dubi ƙofar ofishin Manaja, na ga a rufe take, na sa ƙafa na ja su ƙarƙashin kekena.