Ja Ne ko Kore

"Ajiye wannan," in ji Yaya. "Na ce ka ajiye."

Dogo bai ajiye ba. Ya ci gaba da juya cajar hasken ranar a hannunsa: baƙin faifai mai naɗewa gida uku, da ɗan akwati a gefe mai gurbin batir huɗu.

"Wanda kika ɗauko waya kawai yake cajawa," ya ce. "Waya Baba zai shaƙa?"

"Yana da fitila."

"Fitila ta kawo mu?"

"Ka iya bakinka. Ni na goya ka."

Mai shago ya dogara da kantar shagonsa yana sosa kunne da murfin biro. "Hajiya, ku yi faɗanku a hankali. Gilashin nan ba ya jin Hausa, fashewa kawai ya iya."

Babu wanda ya yi dariya.

Baba yana zaune a benci bakin ƙofa, jakar leda a cinya. Da safen nan aka sallame shi daga asibiti, bayan kwana tara. A jakar akwai injin shaƙar magani, ɗan ƙarami, bai fi dunƙulen hannu ba. Batir huɗu yake ci, masu caji. In ƙirjin Baba ya kulle, shi ke buɗe shi. Baba kuwa ya rantse ba zai kwana gidan ɗa ko na 'ya ba. Gidansa zai koma, can bayan gari, inda turakun lantarki ba su kai ba tukuna. Motar can ƙarfe biyu take tashi. Yanzu ƙarfe ɗaya saura kaɗan.

Dogo direban babbar mota ne, sai ya yi kwana biyar a hanya. Yaya tana aikin masaƙa, ga yara uku. Tun daga ƙofar asibiti ba wanda ya ta da zancen mai kula da Baba. Zancen caja suke yi.

"A gwada," in ji Dogo.

Mai shago ya fito da cajar rana, ya shimfiɗa faifan a kan wani kwali, ya jera batir huɗu a akwatin. Wata 'yar wuta ta kama, ja, kamar kan ashana.

"In ja ne, yana sha. In ya koma kore, ya ƙoshi. Awa shida, in rana ta yi kirki."

Dogo ya ɗora tafin hannunsa a kusurwar faifan. Wutar ta yi rawa, ta mutu.

"Ka gani!" in ji Yaya. "Jabu ne."

"Ba jabu ba ne, Hajiya, halinsa ke nan. Kishi gare shi. Inuwar ganye ɗaya ta taɓa shi, sai ya yi yaji. Ana bin rana da shi ne: safe nan, azahar can. A goge ƙura. In hadari ya taso a ɗauke. Naki ma haka yake, duk ubansu ɗaya."

Dogo ya tuna tsakar gidan Baba. Bishiyar nan da Baba ya shuka shekarar da Inna ta rasu ta cinye rabin filin. Inuwarta ba ta zama wuri ɗaya.

A lokacin ya ji fiton ƙirjin Baba. Siriri, kamar iska a ƙofar da ba ta rufu ba.

Baba ya sunkuya, hannayensa biyu a gwiwa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Yaya ta riga shi isa. Ta zazzage jakar a benci, ta ɗura magani a injin, ta kafa masa a baki, ta danna. Injin ya yi gurnani, ya fesa hayaƙi kaɗan, ya yi shiru.

"Dogo!"

"Danna kuma."

"Na danna! Ba ka yi masa caji ba?"

"Ke ce kika kwana da shi jiya."

Leɓen Baba ya fara sauya launi. Dogo ya fizgo batiran da ke cikin cajar, ya tura su cikin injin. Babu komai, ba su yi minti biyar a rana ba. Mai shago ya tsallake kantar, ya fizge murfin bayan rediyonsa, ya zazzago batiran, muryar mai labarai ta yanke a tsakiyar kalma. Batiri ɗaya ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin benci. Dogo ya kwanta a ƙasa ya lalubo shi. Ya sa shi a juye, ya cire, ya gyara.

Injin ya tashi.

Suka tsaya suna sauraron fiton yana raguwa. Ba wanda ya dubi wani.

Da Baba ya sami kansa, sai ya ture injin. "Kun tara mini jama'a a banza. Ku sayi abin mu tafi, mota ba ta jira."

Dogo ya mayar da batiran gwajin nan huɗu cikin cajar, ya kai ta inda rana ke dukan ƙarshen bencin. Wutar ta kama, ja. Ya durƙusa.

"Baba, in wannan ta sauya, ka cire. Kalle ta. Wane launi ce yanzu?"

Baba ya kusantar da fuskarsa. Ya kanne ido. Ya daɗe. Sai ya saci kallon fuskar Dogo, kamar mai neman amsa a can.

"Kore mana," ya ce. "Ka mai da ni makaho?"

Yaya ta juya baya, ta kama bakin mayafinta da haƙori.

Mai shago ya ɗauko leda, ya buɗe bakinta, ya tsaya. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Wannan ɗin shi ne daidai da injin, ba shakka. Amma ban gane ba. A can gidan, wa zai riƙa bin rana da shi?"

Dogo ya dubi agogo. Yaya ta dubi titi.

"A cikinku," in ji mai shago, "wa zai zauna?"