Doyar da Ba a Sa wa Hula Ba

Ngunan, 'yar Iorfa manomin doya na Agyaragu, sai da ta shekara biyu a wani ɗaki a Azuba tana haɗa gem, wato wasan cikin waya. Ba irin na harbi ko na ƙwallo ba ne. A nata, kai dai mutum ne riƙe da fartanya, kana neman hanyar gida. A hanya za ka ga kogi yana gudu zuwa sama, ka ga akuya a kasuwa tana sayar da inuwar mutane. Ba maki, ba mutuwa. In ka kai ƙarshe, murya ce za ta kira ka cin abinci.

Muryar marigayiya Sewuese ce, uwar Ngunan. Wata rana tana tsakiyar yi wa 'yarta saƙon murya ta juya ta kira mijinta, saƙon kuma ya zauna a waya. Ngunan ba ta gaya wa kowa ba. Duk wahalar nan don kunne ɗaya ta yi ta, na babanta.

Da gem ya fita, kullum sai ta biya shagon Lawal mai gyaran waya, shi ke karanto mata abin da mutane suka rubuta, yana ƙara gishiri.

"Saurari wannan. 'Minti arba'in ina tafiya, ko sauro ban kashe ba. Tauraro ɗaya.' Ga wani kuma, wai akuyar sak mai gidan hayarsu."

"Wuce, Lawal."

"To ga babba. Wani Bature masanin gem ya yi shafi huɗu. Ya ce gonar nan da ake ratsawa, mai tulin ƙasa jere tsirara a rana, kaburbura ne na duniyar da ta shuɗe. Ya ce sai da ya yi hawaye."

"Kunyar doya ce fa."

"Ke dai ki yi shiru. Tauraro biyar ya ba ki."

Ran Lahadi bayan coci ta hau mota zuwa Agyaragu. Ta tarar da Iorfa a gindin mangwaro, ta sa masa waya a hannu, ta nuna masa inda zai danna. Ta dai san tsohon ba ya son shirme.

Shirmen bai dame shi ba ko kaɗan. Ya ga kogi na hawa sama, ya ce, "To, ya gaji da ƙasa." Ya ga akuya da inuwoyi, ya tsaya ya duba hajar, ya ce ya san 'yan kasuwar da suka fi ta. Yana ta tafiya abinsa har ya iso gona. Nan ya cire yatsa.

"Baba, ka ci gaba. Hanya na can gaba."

"Wannan gonar wa?"

"Ta cikin gem ce."

"An shuka?"

"An shuka."

"A wannan ranar? Ina hula?"

Sai a lokacin Ngunan ta gani. Duk wanda ya tashi a Agyaragu ya san in an binne irin doya da rani, sai an ɗora busasshiyar ciyawa a kan kunyar, a danne da ƙasa, kada zafi ya dafa irin. Ita ce hula. Ta zana kunya sittin, ko ɗaya ba ta sa wa ba.

"Baba, kogi ma fa sama yake tafiya a nan."

"Kogi ba nawa ba ne. Doya kuwa na san ta. Mutumin nan fartanya ce a hannunsa, ya wuce ya bar iri yana dahuwa, ya je gida ya ce musu me?" Ya miƙa mata wayar. "Ni ba na wucewa."

Ta lallashe shi, ta ce saura kaɗan, akwai abin da take so ya ji. Ya ce abin ya jira.

Lawal da ya ji tana shirin gyara sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Wurin da Bature ya yi kuka za ki taɓa? Ki tsallake da kanki mana, ki kai tsohon ƙarshe ki ba shi."

Ta riga ta yi tunanin haka a mota, tana dawowa daga Agyaragu. Amma ta san babanta. Abincin da bai yi aikin samunsa ba, ko an kira shi ba ya jin daɗin amsawa.

Kwana tara ta yi. Yanzu duk wanda ya iso gonar sai ya yanko ciyawa, ya bi kunya sittin ɗaya bayan ɗaya, kafin hanya ta buɗe. Intanet ta ɗauki zafi. Wani ya rubuta, "Daga ƙauye na gudo saboda noma, ga shi ya biyo ni cikin waya." Taurari suka zube. Baturen kuwa ya ƙaro shafi biyu, ya ce yanzu ana yi wa matattu sutura, aikin ya ƙara zurfi.

Lahadi ta zagayo, ta koma gindin mangwaro. Iorfa ya yi hularsa a natse, yana gunaguni wai ciyawar ta yi kaɗan. A ta arba'in waya ta nemi mutuwa, aka jona ta da batirin rediyo. Ya gama ta sittin, ya duba gonar daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya kama hanya. Ga gida, ga hayaƙi na tashi daga madafa.

"Baban Ngunan, ka zo mana, tuwo zai huce. Kullum sai an yi ta kira."

Iorfa ya daɗe yana kallon ƙofar da ke cikin wayar. Ngunan ta kau da kai tana kallon kaji.

"Haka take," ya ce. "Ko wanke hannu ba ta bari mutum ya yi." Ya goge fuska da gefen riga. "Yaya ake sa ta sake faɗa?"

"Sai an koma farko, Baba. Har da hular. Amma zan iya tura maka muryar kawai."

"A'a. Bari." Ya gyara zama, ya jawo batirin kusa. "Ta uku daga hagu ma ban danne ta da kyau ba."