Yadda Ragon Kansila Ya Kwana a Tukunyarmu

Yaya Luba, ajiye mayafin ki zauna, ban ga laifinki ba da ba ki zo suna ba, na san yadda kuɗin mota ya koma. Amma kin yi asarar kallo. An yanka wa ɗana rago. Rago fa na ce, fari, mai ƙaho a murɗe, wanda mutum biyu suka sha wuya kafin su kayar.

Kin san halin da muke ciki. Tun da damina maigidan ya sayar da tunkiyar da muka ajiye saboda haihuwar nan, aka sayi masara da ɗan taki. Lokacin sunan 'yarmu Asiya ma ba a yi yanka ba, har yau in yara suka yi faɗa sai a goranta mata. Da na haifi namiji, maigidan ya daina cin tuwo sosai. Ya je wajen yayyensa, kowa ya nuna masa rumbu ba komai a ciki. Liman Malam Uwaisu ya ce masa suna ba ya jiran rago, a raɗa kawai, yanka sai Allah ya hore. Maigidan ya ce to, amma ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san to ɗin ba ta kai ciki ba.

Ashe ranar sunan ta faɗo daidai da wata rana da rediyo ya yi ta shela, wai ranar taimakon juna ta ƙasa baki ɗaya, kowa ya fito ya yi aikin gayya, mai hali ya ba marar hali. Mu da kullum muke gayya a gonakin juna, sai yanzu gwamnati ta gano abin.

Da sassafe maza sun taru a ƙofar gida, ga ɗan goro da dabino, sai dagaci ya aiko wai kada a raɗa suna, kada a watse, Kansila Badaru na tafe da baƙi. Gidanmu ya zaɓa don ga taro a haɗe, ga mai jego, hoto zai yi kyau. Haka dattawa suka zauna har rana ta fito tana dukansu.

Kafin su iso, Mati ɗan acaɓa ya dawo daga yankin Watari da labari. Ya ce rago ɗaya ne a bayan motar, kuma tun safe an bayar da shi a ƙauye uku. A sauke, a miƙa wa talaka igiya, a ɗau hoto, a ce masa nasa na nan tafe daga ofis, a mayar da rago mota. Wai ragon har ya gane, da an gama tafi yake juyawa da kansa. Kuma ba na gwamnati ba ne, na Hajiyar Kansila ne da take turke da shi saboda layya, aro aka yi. Liman yana zaune yana jan carbi.

Da suka iso ni ina ɗaki, Gwaggo Safara'u ce ta hau turmi tana leƙe ta kan katanga tana ba ni labari. Ta ce samari ne suka diro da fararen riguna iri ɗaya da sababbin tsintsiyoyi, suka hau sharar ƙofar gidan da muka share tun jiya. Da suka rasa shara sai suka far wa tulin takin da maigidan yake tarawa zai kai gona, suka watsa shi a kwata wai ƙazanta ce. Ɗaya ma har ya toshe hanci.

Sai aka sauko da rago. Kansila ya riƙe igiya, maigidan ya riƙe, mai hoto ya durƙusa. Nan Liman ya miƙe da sandarsa, a hankali kamar ba zai kai ba.

"Ranka ya daɗe, mu tsofaffi sai an fayyace mana. Wannan dabba ba shi ka yi?"

"Na ba shi, Malam."

"Aro ko kyauta?"

Kansila ya dubi mai hoto, ya dubi jama'a, ya ɗaga murya. "Kyauta, saboda Allah, albarkacin wannan rana."

Liman ya juya wajen maigidan ya tambaye shi ko ya karɓa, ya ce ya karɓa. Liman ya ce jama'a sun shaida, aka shafa fatiha.

Daga nan Kansila ya saki igiya ya shiga jawabi. Gwaggo ta ce ya yi maganar tausayi, ya yi maganar zumunci, ya yi ta Turanci ma, duk ya ba rago baya. Su kuwa mutanenmu abin da aka saba yi ranar suna suka yi. Aka ja rago bayan zaure inda aka riga aka tona ɗan rami, Liman ya zaro wuƙarsa, ya ambaci sunan Allah da sunan yaro. Ni dai guɗar Gwaggo na ji, har ta kusa faɗowa daga turmi. Sunan Baba aka mayar, Abba muke ce masa.

Da direba ya zagayo neman rago, ya tarar Iliyasu mahauci har ya fara fiɗa. Aka ce Kansila ya zo ya tsaya a kan ramin, bakinsa na motsi. Ya ja dagaci gefe yana cewa ai akwai sauran ƙauyuka biyu, kuma me zai gaya wa Hajiya. Dagaci ya ce shi ma bai san za a yi saurin haka ba. Liman kuwa ya kama hannun Kansila da hannu biyu yana sa masa albarka da ƙarfi, yana cewa rabon da a ga shugaba irinsa an daɗe, mai hoto kuma yana ta ɗauka. Dole ya yi murmushi. Maigidan ya sa aka naɗe cinya guda a takarda aka kai mota, ya ce a gai da Hajiya, a ce mai jego ta gode.

Tsintsiyoyinsu dai sun tattara sun tafi da su, ko ɗaya ba su manta ba.

Ranar maigidan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Asiya ta yini tana yawo da ƙashi a hannu tana nuna wa yaran da suke goranta mata. Da yamma muka ji a rediyo wai Kansila Badaru ya raba raguna huɗu ga mabuƙata. Gwaggo ta ce to, mu dai mun ga ɗaya, kuma ga shi can a tukunya.

Miƙo kwanon can na ƙarƙashin gado, na ɓoye miki soyayye. Ci a hankali, kitse ne da shi, Hajiya ta iya kiwo.